Tsamiyar da Ta Tare wa Mota Rana

Alhaji Rilwanu ya shigo Bakura da motarsa mai aiki da lantarki ana tsakiyar bazara, kuma babu wanda ya ji shigowarsa. Wannan ne laifin motar na farko. Mutanen garin sun saba auna baƙo tun daga nesa da rurin injinsa, don a samu damar gyara zama kafin ya iso. Ita kuwa sai ganinta aka yi tsaye a ƙofar gida, fara fat, kamar firji mai tayoyi. Akuyar da ke kwance a hanya ba ta ga dalilin tashi ba, sai da Alhaji ya sauke gilashi ya kore ta da baki.

Yayansa, Malam Bawa, bai yi mamaki ba, domin ya riga kowa ganin motar. Yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Talata Mafara, kullum ya je ya dawo a kan tsohon babur ɗinsa. A ranar, yana hanyar dawowa, ya tarar ana sauke ta daga bayan tirela a wajen gari, ana goge ta da tsumma, don ta ƙarasa Bakura da ƙafarta kamar haka ta taho tun daga Abuja. Tirelar tana tsaye tana aman baƙin hayaƙi. Malam Bawa ya adana wannan a ransa, ya san akwai ranar da zai buƙace shi.

Rilwanu ɗan kwangila ne. Ya taɓa halartar wani taro kan ɗumamar yanayi a ƙasar waje, ya dawo da jakar hannu mai hoton ganye da kuma tausayin duniya. Ya gina sabon gida jikin gidan gadonsu, ya ce zai riƙa zama a gida fiye da da. Matsalar ita ce wutar lantarki a unguwar takan leƙo ne kamar mai gaisuwar mutuwa, ta ɗan zauna ta tashi. Kwanakin farko da janareto aka yi wa motar caji, unguwa ta sha ƙara da hayaƙi domin motar da ba ta ƙara ba ta hayaƙi ta samu abin ci. Daga baya aka kira wani daga Gusau ya jera farantan sola a kan rufin sabon gidan. Ya gama, ya sauko, ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar da ke ƙofar gida, ya ce muddin tana nan rana ba za ta wadaci farantan ba. Da rana ta ɗan karkata inuwarta ke rufe rufin, ga ganye, ga kashin belbela.

Tsamiyar nan kakansu ma tarar da ita ya yi. A ƙarƙashinta majalisar unguwa ke zama, a nan Malam Bawa ke duba takardun ɗalibai idan ɗaki ya zama tanda, a nan aka sallaci gawar mahaifinsu. Amma da aka yi rabon gado filin ƙofar gida ya faɗa kason Rilwanu, da duk abin da ke tsaye a cikinsa. A lokacin ba wanda ya kula, don ba a taɓa jin wanda ya gaji inuwa ba.

Rilwanu ya ce a sare ta. Ya kira Hamidu, mai injin yankan itace, wanda ya kayar da rabin itatuwan da ke tsakanin Bakura da Dakko ba tare da ya rasa barci ba. Hamidu ya zo, ya yi sallama ga mutane, ya sake yin wata sallamar a hankali yana fuskantar tsamiyar, sannan ya ce, "Alhaji, ka ba ni kowane icce cikin garin ga, in kasshe ma shi kahin azahar. Amma wagga da masu ita. Ni ina da ɗiya ƙanana."

Kowa ya san labarin. An ce da can wani ya sari reshenta zai yi ƙotar fartanya, bakinsa ya karkace, bai sake magana ba har ya koma ga Allah. Ba wanda ya san sunansa, amma kowa ya san wanda ya san shi. Tun daga nan ake zaman maƙwabtaka da masu tsamiyar: a sha inuwa da rana, a bar musu wuri kafin magariba, 'ya'yan da suka faɗo da kansu a tsince a yi kunu, na sama a ƙyale. An nemo masu inji daga Talata Mafara, su ma suka dubi itacen suka tuna suna da wani aiki.

Da Malam Bawa mutum ne mai sauƙin gamsuwa, da nan labarin ya ƙare. Tsamiya ta tsira. Amma ta tsira ne da dalilin da ba ya cikin manhaja, wannan kuwa ya tsaya masa a wuya. Ya shafe shekaru yana koya wa 'ya'yan mutane cewa itace na riƙe ƙasa, yana tare hamada, yana tace abin da muke shaƙa, ga shi a ƙofar gidansu abin da ya riƙe itace shi ne bakin wani mutum da ba a san sunansa ba.

Ranar wata Asabar da hantsi majalisa ta cika. Rilwanu ya fito da jallabiya ya zauna a benci, motarsa na gefe, wayar caji na maƙale da ita kamar an ɗaure ta a turke. Baba Yari, tsohon dillalin shanu wanda ya daina sana'a bai daina haɗa mutane faɗa ba, ya ce, "Malam, ƙanenka ya ce motar ga ita ka ceton duniya. Kai da kay yi karatun duniyar, mi kag gani?"

Malam Bawa ya ajiye jan bironsa. Ya daɗe yana jiran wannan tambaya.

"Baba, mota ce mai tsabta ƙwarai. Don tsabtarta ma ba ta taka hanya. A bayan tirela ta zo, da idona na gani."

Aka yi dariya. Rilwanu ya yi murmushin wanda ya san za a zo nan. "Sau ɗaya ke nan, Yaya. Babu wurin caji a hanya, laifin hanya ne ba na mota ba. Babur ɗinka fa? Tun ina makaranta yake tafe yana tari. Duk wanda ya bi bayanka zuwa Mafara sai ya wanke riga."

"Hayaƙin babur ɗina a gabana yake, ina ganinsa, ina jin kunyarsa. Naka an yi shi ne a inda ba ka gani. Batirin da ke ƙarƙashin kujerarka daga rami ya fito. Wani ya haƙa, wani ya wanke ƙasa da ruwan da mutane ke sha. Mu a jihar nan sai an ba mu labarin abin da haƙar ma'adinai ke yi wa yara?"

"Fetur ɗin daga rijiyar masallaci ake ɗebo shi? Shi ma haƙa ake yi. Bambancin, batir sau ɗaya ake haƙo shi a yi shekaru ana mora, fetur kuwa kullum sai an ƙona sabo. Ga rana nan Allah Ya ba mu kyauta, tana gasa mu ba ta yi mana aikin komai."

"To, sai a sare itace don a ceci muhalli."

"Zan dasa wasu. Da yawa."

"Ka dasa. Awakin unguwar nan sun gode, sun daɗe ba su ga ɗanyen ganye ba."

Rilwanu ya gyara zama. "Yaya, tuwon da ka ci jiya, da me matarka Lantana ta dafa shi?"

Malam Bawa ya kai hannu ga jan bironsa, Rilwanu ya ba kansa amsa.

"Da gawayi. Buhun da ke zaure na gani. Daga dajin Maradun ake kawo shi, kowa ya sani. Itace nawa ka cinye da miyar kuka tun da ka yi aure? Su ba itatuwa ba ne, don ba a ƙarƙashinsu kake zama ba?"

Wannan ta shiga. Majalisa ta yi irin gurnanin da take yi idan an kayar da mutum a kokawa. Malam Bawa ya fara bayanin cewa talaka da gawayi dole ce ta haɗa su, mai mota kuwa zaɓi ne, kuma bayanin daidai ne, sai dai ya yi tsawo. Rilwanu ya ga ƙofa a buɗe, ya shiga.

"Ka bar wahalar da kanka da turancin littafi. Faɗi gaskiya a gaban mutane, ba abin kunya ba ne. Tsoron masu tsamiya kake yi, kamar Hamidu."

"Awo," in ji Baba Yari, yana murna. "Ashe digiri ma shina sallama in ya zo gindinta."

"Ni?" in ji Malam Bawa.

Akwai gatarin faskare jingine da katanga. Rana ta take tsaka, lokacin da ko yara ake hana wa jifan tsamiya. Malam Bawa ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki gatarin, ya nufi wani reshe da ya sunkuyo ƙasa. Mutane suka watse daga tabarma, wasu ba su tsaya neman takalma ba. Ya yi ta sara, da rashin gwaninta irin ta wanda alli ne makaminsa, har reshen ya kakkarye ya faɗo da ganyensa.

Ya juyo yana haki. "Ga shi nan. Itace ne. Babu kowa a cikinsa sai belbela. Don itace ne nake kare shi, ku gane mana!"

Ba wanda ya tafa. Hamidu, wanda ke tsaye can nesa, bai dubi reshen ba. Bakin Malam Bawa yake kallo.

Washegari Malam Bawa ya lura cewa farin jininsa ya ƙaru. Mutanen da a da ɗaga hannu kawai suke yi masa yanzu sai sun tsayar da babur ɗinsa. An kwana lafiya, ya iyali, ya zafi, ya gajiyar jiya, to ya jikin? Ya ce jikin me? Su ce a'a, jiki dai. Mai shayi ya tambaye shi ko yana jin hannunsa na dama sosai. Hamidu kuwa ya mayar da gaishe shi farilla. Kowace safiya sai ya zo zaure ya durƙusa, ya jero gaisuwa tun daga kwana har zuwa dabbobi, idonsa na kan leɓen Malam, sannan ya tashi yana cewa, "Madalla. Ikon Allah."

Malam Bawa ya gaya wa matarsa Lantana cewa da alama jawabinsa ya ratsa mutane.

Lantana tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba. "Malam, jiranka suka yi su gani. In bakinka ya karkace, tsamiya ta zauna. In bai karkace ba, Hamidu ya sa mai ga injinai. Matatai ta hwaɗa mini ya ce in Juma'a ta zagayo kana tahiya da ƙahwarka, shi ke nan, masu ita sun tashi."

Malam Bawa ya zauna a bakin gado. Bai taɓa jin lafiyarsa ta dame shi haka ba. Ko mura babu. Ya tuna shekarun da zazzaɓi ke kayar da shi ba gaira ba dalili ana tsakiyar jarrabawa, yanzu da ake nemansa ya yi ɓatan dabo.

"To ya zan yi?"

"Ka kwanta."

"In kwanta in yi me?"

"Ka karkace baki, ka yi shiru. Shirun ne zai ba ka wuya, na sani."

Ya ce Allah Ya kiyaye. Ya ce shi malami ne, akwai ɗalibansa a kowane lungu, wasu likitoci, wasu injiniyoyi. Ya ce ba zai rushe aikin rayuwarsa don camfi ba. Ya je wurin Rilwanu ya yi masa magana ta hankali, ya ce a mayar da farantan bayan gida, a kafa musu ƙarafa. Rilwanu ya ce a can zai gina ɗakin baƙi, kuma ai Yaya da kansa ya tabbatar wa duniya itace ne kawai. Ya faɗi haka da ladabi, har da rusunawa.

Ranar Laraba da la'asar, yana dawowa daga makaranta, ya wuce ta ƙofar gidan Hamidu. Ya gan shi zaune ya baje injin a kan buhu, yana wasa haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Hamidu ya ɗago ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ya jikin?"

Ranar Alhamis Malam Bawa bai fito sallar asuba ba.

Kafin hantsi labari ya kai kasuwa. Lantana ta yi aikinta da ƙwarewar da ta ba shi tsoro, har ya fara tunanin wasu ciwon kan da ta yi a baya. Ta turara ɗakin da hayaƙin magani har idonsa ya yi ja na gaske. Ta aika aka karɓo rubutu, ta ɗura masa a gaban mutane. Yana kwance, ya ja leɓensa na ƙasa zuwa hagu, yana kallon rufi, masu dubiya na shiga suna fita. Baba Yari ya zauna a gefen gado ya ce shi dama ya faɗa, alhali bai faɗa ba. Wani tsohon ɗalibinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Malam, shi da yake ce mana babu." Wannan ta fi hayaƙin ciwo. Amma da Hamidu ya shigo, ya duba bakin, ya ja da baya yana salati, ya ce shi ko da kuɗin duniya ba ya taɓa itacen nan, Malam Bawa ya ji wani sanyi a ransa. Ta tagar ɗakin yana hango saman tsamiyar, belbelu na sauka suna tashi.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ƙanensa yana ƙaunarsa. Rilwanu ya shigo a gigice, ya riƙe hannunsa, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ni na jawo, Yaya. Ni na tunzura ka. Wannan shanyewar jiki ce, ba a wasa da ita. A ɗauko shi, Mafara za mu."

Lantana ta ce ai ba ciwon asibiti ba ne. Rilwanu ya ce a bar wannan magana. Aka cicciɓi Malam Bawa aka sa shi a bayan motar da ya yi rantsuwa a zuci ba zai taɓa shiga ba. Marar lafiya ba ya tafiya ba rakiya, don haka Baba Yari ya shige gaba, Hamidu ya zauna baya yana tallafe da kafaɗarsa.

Motar ta yi daɗi, abin takaici. Sanyi ya ratsa shi, ba kaɗawa, ba wari, gonaki na wucewa a bushe suna jiran ruwa. Ya yi ƙoƙari ya ƙi jin daɗin, bai samu dama ba saboda hankalinsa na kan leɓe.

A wani asibiti mai zaman kansa a Talata Mafara, likitar da ta karɓe su ita ce Nazifa, wadda ta taɓa zama a layin gaba a ajinsa. Ta sa aka fitar da 'yan rakiya. Ta auna jini, ta haska ido, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta ce ya matse yatsunta. Ta tsaya tana dubansa.

"Malam," ta ce a hankali, "ɗazu hagu bakin yake. Yanzu ya koma dama."

Malam Bawa ya mayar da shi hagu. Sannan ya ga ba amfani, ya sake shi, ya gaya mata komai cikin raɗa, da sauri, kamar ɗalibin da aka kama da takarda a aljihu. Nazifa ta juya baya ta yi kamar tana wanke hannu, kafaɗunta na rawa.

"Ba zan yi ƙarya ba, Malam."

"Ban ce ki yi ba. Faɗi abin da kika gani."

Ta kira su ta ce ta duba iyakar dubawa, ba ta ga komai ba. Baba Yari ya dubi Hamidu, Hamidu ya dubi Baba Yari. Ciwon da asibiti bai gani ba, an san ko na su wane ne. Ko Rilwanu sai da jikinsa ya yi sanyi. A bakin mota ya ce, kamar da kansa yake magana, wataƙila dai a haƙura da tsamiyar nan a nemi wata dabara.

Malam Bawa ya ji da kunnensa. An gama. Abin da ya rage kawai shi ne ya isa gida da bakinsa a karkace.

Sun bar gari, hankalin Rilwanu ya ɗan kwanta tunda an ce ba shanyewar jiki ba ce. Motar shiru, shirun ya yi yawa, Baba Yari kuwa ba ya zama da shiru. Ya shafa gaban motar ya ce, "Alhaji, wai da gaske ba ta ɓata komi?"

"Ko kaɗan, Baba. Daga ranar da aka ƙera ta har ranar da za ta mutu, ba ta da wata illa ga duniya. Sifili."

Leɓen Malam Bawa ya motsa. Ya danne.

"Batirin hwa, in ya mutu?"

"Ai ba ya mutuwa. In ma ya tsufa, ƙasa ce, ƙasa yake komawa."

Malam Bawa ya rufe ido ya fara karanta duk addu'ar da ya sani.

"Kuma abin da mutane ba su sani ba," in ji Rilwanu, muryarsa ta dawo irin ta taron ƙasar waje, "tsohon itace kamar tsamiyar nan ya gama aiki. Ba ya tace komai. Hasali ma cikin dare guba yake fitarwa, ya fi janareto. Farantin sola guda ya fi irinta goma amfani. Da Yaya na iya magana, da ya gaya muku, a littafinsu yake."

"A wane littafin?"

Muryar ta fito tas, irin wadda ke kaiwa layin baya a aji mai ɗalibai fiye da kujeru. Malam Bawa ya tashi zaune, ya ture hannun Hamidu.

"A wane littafin, Rilwanu? Wa ya koya maka wannan shirmen? Itace na numfashi da dare, gaskiya ne, amma abin da yake shanyewa da rana ya ninka wanda yake fitarwa! Jikin tsamiyar nan da kake gani, kaurin nan duka, hayaƙin shekaru ne ta tara ta riƙe. Ka sare ta a yi gawayi, duk ya koma sama! Kuma batir ba ya mutuwa? Na wayarka sau nawa ka canza? Ka ce motarka ta fi ta fetur in an yi mata caji da rana, in yarda, wannan gaskiya ce. Amma sifili? Sifili?"

Ya yi bayani mai kyau. Wataƙila bai taɓa yin darasi mai tsari kamarsa ba. Ya kawo misalai, ya raba magana kashi-kashi, ya ba abokin gardama haƙƙinsa inda ya cancanta. Da babur ne ko motar haya, da rurin inji ya cinye rabin maganar. A wannan motar kuwa ko harafi ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Sai da ya kai ƙarshe ya lura Rilwanu ya tsayar da mota a gefen hanya, mutum uku na kallon bakinsa, wanda ke zaune daram a tsakiyar fuska.

"Allahu akbar," in ji Hamidu.

Rilwanu ya juyo ya rungume shi ta saman kujera yana hamdala. Baba Yari ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya yanke hukunci. "Na gane. Lantarki ne ba su so. Tun da anka jera faranti bisa rufi sunka fara ƙaura, na ƙarshe shi ne wanda yab biyo Malam, ga shi mota ta kore shi. Hamidu, gidan nasu ya zama kango."

Malam Bawa ya buɗe baki zai ce ƙarya ya yi, dama lafiyarsa lau. Ya tsaya ya auna. In ya ce ƙarya ce, babu aljanu, a sare. In ya yi shiru, aljanu sun tashi, a sare. Ya koma ya jingina da kujera. Sanyin motar na nan yadda yake.

Ranar Asabar Hamidu ya zo da injinsa. Ya yi sallama ga mutane kawai. Aikin ya ɗauki yini guda, don tsamiya tauri gare ta, kuma an ji ƙarar har bakin kasuwa. Malam Bawa bai fito ba. Lantana ta kai masa abinci ɗaki, ta ajiye, ta ce, "Daga Mafara zuwa Bakura, Malam. Ko akuya ta iya yin shiru daga Mafara zuwa Bakura." Gungumen kuwa, masu gawayi ne suka saya.

Farantan sun samu rana, kuma a faɗi gaskiya suna aiki. Motar na cika da caji kafin la'asar, janareto ya yi shiru, Rilwanu har ya ja waya zuwa ɗakin yayansa ya sa masa fanka. An dasa 'ya'yan itatuwa a jere a ƙofar gida, awaki suka yi musu ziyara. Majalisa ta koma bin katanga, da safe wannan gefe, da yamma wancan, kowa da tabarmarsa a hammata. Baba Yari ya ce zafin bana ya fi na bara, ya tambayi Malam ko wannan ne ɗumamar da ake faɗa.

Bayan 'yan makonni, Malam Bawa na zaune a zaure yana duba takardu, wani baƙo ya yi sallama. Ya ce sunansa Nagode, daga Faru ta ƙasar Maradun ya taso. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ajiye zabi biyu a ɗaure a gefen tabarma. Ya ce labarin Malam ya kai musu. Suna da wasu tsamiyoyi manya a bakin gona, tun zamanin kakanni ba mai iya taɓa su, ga masu gawayi sun yi tayi mai kyau. Ba wani aiki mai yawa ba ne. Malam ya zo ya ɗan sari reshe ɗaya-ɗaya kawai, sauran su za su ƙarasa. In da hali, a zo da motar.

Malam Bawa ya cire tabarau. Ya dubi mutumin, ya dubi zabin, ya dubi hasken da ke kwance fari fat a inda inuwa take a da. Ya ja numfashi ya fara yi masa bayanin amfanin itace, tun daga saiwa.

Nagode ya saurara da ladabi har ƙarshe, yana cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Sannan ya tambaya ko ranar Talata ta yi wa Malam.